Gyaran Gangar Auzinawa: Martani ga Mai Cewa a Yi wa Tsohuwar Bindiga Sabon Fenti

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya yi rubutu a kan ƙananan bindigogin nan samfurin M1911 da rundunar sojan Amurka ta daina aiki da su, ake sayar wa farar hula a can ƙasar. Ya kawo tarihinsu daidai gwargwado, kuma ba ni da ja da shi a wannan ɓangare. Inda muka raba gari shi ne shawarar da ya rufe da ita. A ganinsa, duk wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu ya tarar murfinta ya koɗe, wato ƙarfen saman nan da ke ja da baya ya dawo a duk harbi, to abin da ya kamace shi shi ne ya kai ta a kankare tsohon launin a fesa mata Cerakote ta dawo fes. Ya kafa hujja da abu huɗu: koɗewa lalacewa ce, sabon fenti ya fi kare ƙarfe daga tsatsa, sojojin da kansu sun sha sake mata launi, sannan kuɗinta zai ƙaru.

Malam, da girmamawa nake cewa wannan shawara ɓarna ce, kuma irin ɓarnar da ba a gyara ta. Kulawa da ƙarfe daban, sabunta fuskarsa daban. Ta farko tana tsare abin da ke nan, ta biyu ba ta yiwuwa sai an fara kawar da shi.

Bari mu fara da sanin abin da ake shirin kankarewa. John Moses Browning ne ya ƙirƙiro wannan bindiga, sojan Amurka suka karɓe ta a hukumance ranar 29 ga Maris, 1911, ta yi musu aiki har 1985 lokacin da Beretta M9 ta gaje ta. Bayan 1945 gwamnati ba ta ƙara sayen sababbi ba, wanda ke nufin mafi ƙuruciya a cikin na soja ta haura shekara 75 a yau. A yaƙin duniya na biyu kamfanin Colt na garin Hartford ya kasa biyan buƙata shi kaɗai, aka raba kwangila ga wasu. Remington Rand, masu ƙera tafireta, su suka fi kowa yawa, kusan dubu 900. Akwai Ithaca. Akwai Union Switch & Signal, masu yin na'urorin ba jirgin ƙasa hanya, da suka ƙera 55,000. Akwai kuma Singer, kamfanin keken ɗinkin nan da kowane tela ya sani, wanda ya ƙera 500 kacal.

Kowanne daga cikin waɗannan kamfanoni, a kowane zango na shekaru, yana da irin fuskar da ya ba ƙarfensa. Na farkon zamani sun fito da rinin baƙi mai shuɗi-shuɗi da sheƙi. A 1918, da yaƙi ya matsa, Colt ya rage gugar da yake yi wa ƙarfe kafin rini don a yi sauri, sai launin ya fito baƙi ƙirin mai kaushi. A 1941 aka koma wa fosfet, hanyar da kamfanin Parker na Detroit ya yi suna da ita, mai ba ƙarfe launin toka maras walƙiya. Wanda ya san kan abin, da ya ɗauki murfi ya juya shi a haske, zai gaya maka zamaninsa da masana'antar da ya fito, ya kuma gane ko shi ne ainihin wanda aka haɗa da wannan gangar jiki ko daga baya aka sauya. Wannan shi ne abin da ka kira lalacewa.

Ka ɗauki murfin zamanin yaƙin duniya na biyu ka duba shi da kyau. Wajen gaba, kusa da bakin bututu, za ka ga launin ya fi duhu, da wani layi da ya raba shi da sauran jikin. A gefen hagu, kewaye da ɗan gurbin da ke riƙe murfi a buɗe idan harsashi ya ƙare, akwai wani tabo mai duhu irin wannan. Wanda bai sani ba zai ce rini ne bai kama daidai ba. Alhali a wancan zamani ba a taurara murfin gaba ɗaya da wuta, sai wuraren da suka fi shan duka, kuma ƙarfen da ya sha wuta yana karɓar launi daban da wanda bai sha ba. Wannan layi shaida ce ta yadda aka ƙera abin. A saman murfin akwai ɗan harafin P da aka buga bayan gwajin harbi. A gefe akwai sunan kamfani, a na Colt kuma har da shekarun rajistar ƙirƙira da dokin nan da ya ɗaga ƙafafun gaba. Idan ba a taɓa ƙarfen ba, bakin kowane harafi yana nan da kaifinsa, har yatsa na jin ɗan tudun da hatimi ya tura gefe sa'ad da aka buga shi. Da wannan ɗan tudu masana ke rarrabe na asali da wanda aka yi wa kwaskwarima.

To me ke faruwa idan aka bi shawararka? Cerakote, wanda kamfanin NIC Industries na jihar Oregon ke yi, fenti ne mai haɗe da garin tangaran. Ba ya kama ƙarfe mai santsi ko mai maiƙo. Dole a wanke man tas, sannan a sa murfin a akwati a yi ta fesa masa tsakin alminiyom da iska mai ƙarfi har tsohon launin ya tafi, fuskar ƙarfen ta yi kaushi. Bayan nan a fesa fentin, a gasa shi a zafin digiri kamar 120 na wajen awa biyu. Gashin ba ya cutar da ƙarfe, wannan gaskiya ne. Feshin tsakin shi ne ajalin abin. Da shi layin nan na wuta yake ɓacewa daga ido, ɗan tudun haruffa ya kwanta, fenti ya sauka cikin siraran rubutu ya dushe su. Idan kuma rini aka zaɓa maimakon fenti, abin ya fi muni a hannun wanda bai ƙware ba, domin rini yana son guga. A ɗora murfi a kan injin guga, kafin ka ankara kusurwoyin da suke a tsaye sun zama da'ira, shimfiɗaɗɗen gefe ya yi tudu da kwari, dokin Colt ya rasa ƙafa. Ƙarfen da injin ya cinye ba mai mayar da shi.

Hujjarka ta biyu ita ce mafi ƙarfi, kuma zan ba ta haƙƙinta. Babu shakka Cerakote ya fi rini jure gishiri da laima. Rinin bindiga shi kansa wata irin tsatsa ce baƙa da ake jawowa da gangan, ta hanyar dafa ƙarfe a ruwan sinadari mai zafin digiri kusan 140. Kaurinsa bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 1,000 na milimita ba, kuma shi kaɗai ba ya hana ruwa isa ga ƙarfe. Fosfet ya fi shi kauri, amma shi ma ƙarfinsa a mai yake: fuskarsa cike take da ƙananan ƙofofi masu shan mai su riƙe kamar soso. Sai dai tambayar da ba ka yi ba ita ce, wace tsatsa ake gudu? Bindigar da ta ratsa dazuzzukan tsibiran Fasifik da sanyin Koriya da damunar Biyetnam da wannan siririn launi, ta fito da ranta, yau ita ce za ta ruɓe a cikin akwatin ƙarfe a ɗaki? Abin da ya tsare ta shekara da shekaru tsumma ne da mai, kuma har gobe su ne za su tsare ta. Wanda ba zai iya shafa mai sau ɗaya a wata ba, fenti ba zai cece shi ba, domin cikin bututu da ƙananan sassa na ciki suna nan tsirara, tsatsa za ta same su a can.

Akwai ma haɗarin da fenti ke jawowa wanda ba ka ambata ba. Tunda yawancin jikin tsohon murfi bai sha wuta ba, ƙarfensa ya fi na zamani laushi, kuma yawan harbi na iya sa ya tsage ko ya lotsa a wuraren da yake shan duka. Tsagar tana farawa siririya ƙwarai. A kan tsohon launi, mai duba da gilashin ƙara girma zai gan ta. A ƙarƙashin sabon fenti mai kauri tana iya ɓuya har ta girma. Mai niyyar harba tsohuwar bindiga ya fi kowa buƙatar ganin fuskar ƙarfenta yadda take.

Sai hujja ta uku, cewa sojoji da kansu sun yi ta sake launin. Haka ne. Yawancin waɗanda suka daɗe a bakin aiki sun shiga ma'aikatun gyaran makamai sau ɗaya ko fiye, an wargaza su, an sauya sassan da suka gaji, an sake tsoma su a fosfet. Amma duba yadda aka yi. Ma'aikatar da ta yi gyaran takan buga hatiminta a jikin bindigar: AA na Augusta, RIA na Rock Island, SA na Springfield, ANAD na Anniston. Gyaran da aka yi wa makami yana bakin aiki, a hannun rundunar da ke riƙe da shi, aka kuma sa hannu, ya zama wani shafi na tarihinsa. Murfin Ithaca a kan gangar jikin Remington Rand, da launin toka na gyaran soja, labari ne na gaskiya game da yadda runduna take tattalin kayanta. Fentin da mai gida ya fesa yau don sha'awa ba ya ƙara shafi, yana yage waɗanda ke nan ne. Soja ya sabunta ta ne don gobe za a fita da ita fagen fama. Wanda ya saye ta yau ba shi da wannan uzuri, ga sababbi birjik a kasuwa da suka fi ta araha kuma suka fi ta ƙwari.

Maganar kuɗi kuwa, nan ne na fi mamaki, domin kasuwar ta daɗe da yanke hukunci. Dokar kasafin tsaro da aka sa wa hannu a Disamba 2017 ita ta buɗe hanyar miƙa waɗannan bindigogi ga hukumar CMP da ke Anniston a jihar Alabama, mai sayar da su ga farar hula. Kashin farko guda 8,000 ne, aka kasa su mataki uku, dala 850 da 950 da 1,050, waɗanda suka fi daraja kuma aka ware su don gwanjo. Me ya sa wata ta fi wata? Yanayin ƙarfe da asalin sassa. Littafin farashin bindigogi da S. P. Fjestad ya shahara da shi yana auna daraja ne da kaso nawa cikin ɗari na launin asali ya rage. Sabon fenti, komai kyansa, ba ya shiga wannan lissafi. A Disamba 2017 an sayar da ɗaya daga cikin 500 ɗin nan na Singer a gwanjon kamfanin Rock Island a kan dala 414,000. Ba don ta fi sauran iya harbi ba. An biya wannan kuɗi ne saboda ƙarancinta da kuma rinin da ta baro masana'anta da shi yana nan a jikinta. Da wani ya yi mata gatan da kake ba da shawara, da mafi yawan kuɗin nan ya bi iska. Mutum ya biya mai fenti, sannan ya yi asarar darajar kayansa: garin gyaran gira an rasa ido.

Kuma akwai doka a gefe. Wanda ya sabunta murfi da wuya ya bar gangar jiki, don launi ya zo ɗaya. A gangar jikin ne lambar bindiga take, kuma dokar tarayyar Amurka ta haramta mallakar bindigar da aka goge ko aka sauya lambarta. Hannu mai nauyi a kan injin guga yana iya jefa mai kaya cikin abin da bai taɓa nufa ba. Sannan ga ƙofar ha'inci da sabuntawa ke buɗewa. Bindigar da aka sake wa rini yau da zuciya ɗaya, bayan ta sauya hannu biyu ko uku, sai ka ji ana tallarta a matsayin ta asali.

Kada a ɗauka ina cewa ba a taɓa sabunta murfin bindiga. Akwai inda ya dace. Bindigar aiki ta zamani, wadda ake ƙerawa dubbai a kullum, ta ɗan sanda ko mai gadi da ke shan gumi a ƙugu a wuri mai laima, mai ita yana da damar fesa mata abin da ya ga dama, ba tarihin da zai salwanta. Ko a nan ma sau da yawa ado ne kawai. Ɗauki Glock 17, wadda sojan Ostiriya suka zaɓa a 1982. An san murfinta da wani aiki da ake kira Tenifer, inda ake tsoma ƙarfe a narkakken gishiri mai zafin digiri wajen 580, sinadaran naitirojin da kabon su ratsa cikin fatar ƙarfen su taurara ta. Baƙin da ido ke gani a sama wani abu ne daban. Idan kube ya goge shi a kusurwoyi har fari ya bayyana, kariyar tana nan a cikin ƙarfen. Mutane da yawa suna biyan kuɗin fenti don maganin cutar da babu ita.

Wuri na biyu da sabuntawa ta halatta shi ne inda ɓarna ta riga ta auku: bindigar da ambaliya ta ci, tsatsa ta yi mata zanzana mai zurfi, ko wadda wani ya riga ya goge ta tun da daɗewa. A nan babu launin asali da za a yi kuka a kansa. Akwai masu sana'ar mayar da irin waɗannan kamanninsu na farko, irin su Doug Turnbull a jihar New York, waɗanda ke bin hanyar rinin zamanin da aka ƙera abin, da guga ta hannu, su tsare kusurwa da rubutu. Aikinsu yana da tsada, yana cin lokaci, kuma ana sayar da shi a matsayin gyararre, ba a ɓoye ba. Wannan ceto ne ga abin da ya riga ya mutu. Kai kuwa lafiyayye kake cewa a kai asibiti a yi masa fiɗa.

To mene ne kulawar gaskiya? Ba ta da wuya, ba ta da tsada. Kafin komai a cire gidan harsashi, a ja murfi baya, a duba da ido a tabbata babu harsashi a ciki. Duk lokacin da hannu ya taɓa ƙarfen, a goge shi da tsumma mai laushi da ɗan mai kaɗan, domin gishirin gumi yana iya zana hoton yatsa a kan rini cikin 'yan kwanaki. Mai kaɗan ake so, wanda zai bar sheƙi ba wanda zai ɗiga ba. Kada a ajiye bindiga cikin kuben fata. Fata tana riƙe laima, kuma sinadaran jima suna cin launi. Yawancin tsatsar da ake gani a gefen murfi ɗaya daga nan take. A ajiye ta inda danshin iska yake wajen kashi 50 cikin ɗari, kuma zafi ba ya hawa da sauka, da ɗan ƙunshin sinadarin tsotse laima a cikin akwatin.

Idan jan tsatsa ya fara fitowa sama-sama, a jiƙa wurin da mai a bar shi ya kwana, sannan a shafa a hankali da soson tagulla ko soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ana yi ana dubawa. Jan zai tashi, baƙin ya zauna. Samfefa ba ta da wuri a nan. Haka ruwan tsami da magungunan cire tsatsa na kanti: tunda rini ɗan'uwan tsatsa ne, ba sa bambance su, duka suke wankewa. Ruwan rinin sanyi da ake sayarwa a 'yar kwalba shi ma a bar shi. Ba ya daɗewa, launinsa ba ya dacewa da na asali, kuma masu saye suna gane shi har ta wari. Wanda zai ajiye ta tsawon lokaci ba tare da harbi ba, ya bi hanyar gidajen tarihi: kakin Renaissance, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya da ke Landan a shekarun 1950, a shafa siriri a goge, a riƙa ɗaukarta da safar hannu ta auduga. Je ka gidan tarihin makamai na Springfield a Massachusetts ko na Cody a Wyoming, za ka ga ƙarafan da suka girmi M1911 nesa ba kusa ba suna nan da launinsu, ba wanda ya fesa musu komai.

Na san mafi yawan masu karanta mu ba za su taɓa riƙe irin wannan bindiga ba, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta tsaurara mallakar ƙananan bindigogi ƙwarai. Abin da ya sa ban bar maganar ta wuce ba shi ne, tunanin da ke ƙarƙashin shawararka, cewa tsohon ƙarfe sai ya yi walƙiya yake da daraja, yana nan a tsakaninmu. A gidajen sarauta da gidajen da suka gaji jarumta akwai takubba da masu da bindigogin toka, irin waɗanda ake gani a Gidan Makama a Kano. Duk wanda aka kai wa maƙeri ya sa masa dutsen wasa don ya yi kyan gani ranar hawa, an shafe alamar maƙerin farko da zanen da ke jikinsa, kuma jikoki ba za su ƙara ganinsu ba.

Saboda haka, Malam, ina roƙonka ka sake duba wannan shawara kafin wani ya ɗauke ta ya aikata. Kai kuma mai karatu, idan tsohon ƙarfe mai tarihi ya zo hannunka, ka tsayar da tsatsarsa, ka shafa masa mai, ka ajiye shi a busasshen wuri, ka nemi masani kafin ka bari a goge ko da kusurwa ɗaya. Fenti ana iya fesa shi a kowace shekara, amma launin asali sau ɗaya ake kankare shi.